Gyaran Wayoyin Ma'aunin Lantarki

Ran nan muna ɗakin aikin hannu bayan la'asar, sai gardama ta tashi tsakanin 'yan'uwanmu biyu a kan wani ɗan abu wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Abin nan ɗan turjiya ne, irin wanda a ke sa wa cikin rediyo, launukan jikinsa sun nuna om ɗaya ne. Na fari ya auna da ma'auninsa, ya ce om 1.2. Na biyu ya auna da nasa, ya ce om 1.9, kafin ya rufe baki ma lambar ta koma 2.4. Ma'aunan kuwa iri ɗaya ne, rana ɗaya aka sayo su. Na fari ya yi ta dariya, har aka fara shawarar a mayar wa mai kanti ma'aunin na biyu.

Malam yana jinsu, bai ce uffan ba. Can sai ya taso, ya zare wayoyin wannan ma'auni ya sa wa wancan, ya ce su sake. Da suka sake, sai ga ƙaryar ta bi wayoyi ta koma gidan mai dariya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe ba laifin ma'aunin ba ne?" Malam ya ce, "In guga ya fito ba ruwa, kafin ka ce rijiya ta ƙafe, duba igiyarka tukuna ko ta kai."

Tun daga ran nan muka shiga binciken wayoyin nan biyu, ja da baƙa, waɗanda kowa ke riƙe da su kullum amma ba mai kula da su. Mun yanka waɗansu, mun sake wa waɗansu tsini, mun kuma ɓata waɗansu a banza. Abin da muka koya shi ne mu ke so mu rubuta a nan, domin 'yan'uwan da ke bayanmu su huta da ɓarnar da muka yi. A cikin wannan rubutu, in mun ce ma'auni muna nufin na'urar awon lantarki wadda masu gyara ke kira mita, in kuwa mun ce mita muna nufin awon tsawo, don kada a rikice.

Ma'aunin nan abu uku ya ke aunawa. Akwai matsin wuta, watau ƙarfin da ke tura ta, a na ƙidaya shi da bolt. Akwai kwararar wuta, watau yawan wadda ke wucewa cikin waya, a na ƙidaya ta da amfiya. Sa'an nan akwai turjiya, watau yadda abu ke hana ta wucewa, a na ƙidaya ta da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ya bayyana dangantakarsu a cikin 1827: in ka ninka amfiya da om, za ka sami bolt. Da can kowane awo da na'urarsa dabam. Wani injiniya na gidan waya a Ingila, Donald Macadie, shi ne ya gaji da ɗaukar na'urori da yawa zuwa wurin aiki, ya haɗa su cikin akwati guda. An fara sayar da nasa a cikin 1923 da sunan Avometer, daga haruffan farko na awon nan uku. Nasa mai allura ne. Na hannunmu yanzu galibi masu nuna lamba ne, sun kuma yi araha ƙwarai, har ɗan makaranta na iya mallakar nasa.

To, amma araha ba ta ado. Mai ƙera ma'auni mai araha ba ya iya rage kome a kan ƙwaƙwalwar da ke ciki, don ita ce a ke gani a fuskar awo. Inda ya ke cin ribarsa shi ne a kan wayoyi. Mun yanka wayar da ta jawo gardamar nan don mu ga cikinta. Daga waje kauri gare ta kamar abin kirki, amma duk kaurin na roba ne. Jan ƙarfen da ke ciki 'yan sili ne kamar gashi, waɗanda mutum zai iya ƙirgawa da ido, rabinsu kuma sun riga sun tsinke a gindin mariƙi, inda waya ke lanƙwasa kullum. Shi ya sa lambar ke rawa, gama in an motsa hannu silin da suka tsinke su taɓa juna, in an sake motsawa su rabu.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a ga iyakar abin. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wadda faɗin bakinta ya kai milimita murabba'i ɗaya, turjiyarta wajen om 0.017 ce. In bakin ya ragu, turjiya ta ƙaru gwargwadon raguwar. A ce wayar mai araha faɗin bakinta milimita murabba'i 0.2 ne, ja mita ɗaya, baƙa mita ɗaya. Turjiyarsu duka ta kama om 0.17 ke nan, tun ba a sa ta mahaɗai ba, wadda sau da yawa ta fi wannan. Wayar kirki kuwa, irin wadda a ke kira lamba 18 a awon Amurka, faɗin bakinta milimita murabba'i 0.82 ne, mita biyu nata om 0.042 ne kawai.

Shin wannan ɗan bambanci ya isa a dame kai? Ya danganta ga abin da a ke aunawa, nan ne kuwa mutane da yawa ke ɓata kuɗinsu. In matsin wuta ka ke aunawa, ba ruwanka da kaurin waya. Ma'auni mai lamba na kirki turjiyar cikinsa om miliyan goma ce, masu araha ƙwarai miliyan ɗaya. Om 0.2 a gaban miliyan goma kashi ɗaya ne cikin miliyan hamsin, ba ma'aunin da zai gan shi. Amma in turjiya ƙarama ka ke aunawa, kamar naɗin injin fanka, ko fiyus, ko makunnin da a ke zargi, to, ma'auni ba ya iya rarrabe turjiyar abin da ta wayoyinsa, sai ya haɗa su duka ya nuna maka. In kuwa kwararar wuta ka ke aunawa, abin ya fi muni. Amfiya 10 a cikin wayar nan ta om 0.17 za ta cinye bolt 1.7, ta kuma zama zafi wajen wat 17 a cikin 'yar siririyar waya. Ba za a daɗe ba roba ta yi laushi a hannunka. A cikin wayar kirki zafin bai wuce wat 4 da ɗan kaɗan ba.

Saboda haka kafin a taɓa wuƙa, wajibi ne a gwada wayoyin tukuna. A juya ma'auni kan awon turjiya mafi ƙanƙanta, a haɗa tsinin biyu a matse, a dubi lamba. Wayoyi masu lafiya ba su kan kai rabin om ba. Sa'an nan, tsinin na haɗe, wani ya bi wayar da yatsu tun daga filogi har mariƙi, yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, yana ɗan ja. In lamba ta yi tsalle a wani wuri, nan ciwon ya ke. Kada a dogara da ƙarar nan da ma'auni ke yi in waya ta haɗu, domin a ma'aunai da yawa tana kuka ko da turjiya ta kai om ashirin ko talatin, sili ɗaya tak da ya rage ya isa ya sa ta kuka. In wayoyin lafiya lau su ke, a rubuta lambar da suka nuna, a riƙa debe ta daga kowane awon ƙaramar turjiya. Waɗansu ma'aunai suna da maɓalli mai rubutun REL wanda ke yin wannan ɗiban da kansa. Masu allura kuwa suna da ɗan abin murɗawa na mayar da allura kan sifiri.

Sake waya

In waya ta mutu a gindin mariƙi kaɗai, a na iya yanke wurin a sake liƙawa, in mariƙin mai kwancewa ne. Da yawa cikin masu araha an zuba robarsu ne a kan wayar gaba ɗaya, ba su kwancewa sai an fasa. Irin waɗannan mu dai ba mu ga amfanin wahala a kansu ba, gara a sayi mariƙi da filogi masu kwancewa a haɗa sababbi.

Wayar da muka fi so ita ce mai sili da yawa ƙanana, mai rigar silikon. Rigar wayoyi masu araha roba ce irin ta PVC. Da hunturu ta kan ƙage, ta riƙe lanƙwasar da aka naɗe ta da ita, har ta riƙa jan ɗan allon da ka ke aiki a kai tana kayar da shi daga tebur. In kuma ƙarfen liƙi ya shafe ta, nan take ta narke. Silikon kuwa yana jimre zafi har wajen digiri 200, yana kwanciya a tebur kamar igiyar auduga. Aibinsa guda, wuƙa ko bakin kwano na yanka shi da sauƙi, sai a kiyaye. A wajen saye a yi hattara, gama ba duk jan abu ne jan ƙarfe ba. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, akwai ta baƙin ƙarfe da aka yi wa haka. A kankare sili ɗaya da reza, in cikinsa fari ne, an gane. A kuma kusanta maganaɗisu, in ya kama, baƙin ƙarfe ne. Tsawo kuwa, mita ɗaya ta isa aikin tebur, kowane ƙari turjiya ce da sarƙewa.

Filogin da ke shiga ramin ma'auni kaurinsa milimita 4 ne a yawancin ma'aunai, Turawa na kiransa da sunan ayaba saboda siffarsa. Jikinsa 'yan ganyayen ƙarfe ne masu tsalle waɗanda ke matse bangon rami. In sun saki, filogi ya riƙa yawo a rami, awo ya riƙa rawa, a yi ta zagin ma'auni a banza. A gwada filogi a ramin ma'aunin kafin a biya kuɗi, domin waɗansu ma'aunai masu araha ramukansu gajeru ne, filogi mai doguwar riga ba ya kaiwa ƙasa.

Wajen haɗawa akwai kurakurai biyu waɗanda dukanmu muka faɗa cikinsu. Na fari, in filogin mai sukuru ne, kada a shafa wa bakin waya dalma kafin a ɗaure. Mun yi haka da zaton muna ƙara masa ƙarfi, ashe dalma laushi gare ta, tana gudu daga ƙarƙashin sukuru sannu a hankali, bayan 'yan watanni mahaɗa ta saki. A murɗe silin kawai, a ninka, a ɗaure. Na biyu, in na liƙawa ne, kada a cika dalma. Narkakkiyar dalma tana hawa cikin sili kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ta mayar da waya mai laushi ta zama sanda, daidai inda sandar ta ƙare kuwa nan za ta karye. A dumama ƙarfen da wayar tare, a ɗiga kaɗan, a janye. Bayan haka a rufe wurin da bututun roban nan mai tsukewa in ya ji zafi, a bar shi ya zarce mahaɗa da kamar inci ɗaya, don lanƙwasa ta bazu, kada ta taru wuri guda. Kada a manta da zura bututun a waya kafin a liƙa. Ba wanda zai karanta wannan ya ƙi yin dariya, ba kuma wanda ba zai manta ba ko da sau ɗaya.

Gyaran tsini

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma aka fi samun amfani. Tsinin da ke zuwa da ma'auni kaurinsa wajen milimita 2 ne, tsiraicinsa kuma dogo. A zamanin rediyo mai kwalabe wannan ba laifi, kome a sarari ya ke. Amma ku dubi allon rediyo ko na cajar waya na yanzu. 'Yan ƙwayoyin nan baƙaƙe masu ƙafafu da yawa, waɗanda masu gyara ke kira ayisi, tsofaffinsu tazarar ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ce, na bayansu 1.27, akwai ma na rabin milimita. Tsini mai kaurin milimita 2 ba ya iya taɓa ƙafa ɗaya bai taɓa maƙwabciyarta ba. In wuta na kunne, haɗa ƙafa biyu na ƙiftawar ido ya isa ya kashe ƙwayar. Ɗaya daga cikinmu ya zo auna bolt biyar a wani allo da ya yi mako biyu yana haɗawa, hannunsa ya zame, sai ɗan hayaƙi ya tashi. Ya auna lafiyayye, ya bar shi gawa.

Magani mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a yi wa tsinin riga. A zare rigar wata waya mai daidai kauri, ko a yanko ɗan bututu mai tsukewa, a zura a tsinin, a bar kansa kaɗai a waje, kamar milimita biyu. Ko hannu ya zame, roba ce za ta gogi maƙwabta.

Waɗansu su kan ɗauki magagari su fiƙe tsinin. Ba mu yarda da wannan ba sai in ba makawa. Tsinin galibi tagulla ce da aka shafa wa nikel, waɗansu zinariya 'yar kaɗan. Magagari na cinye shafen, tagulla ta fito fili, ta yi dauɗa cikin 'yan makonni, sai ka ga awon turjiya ya fara rawa kamar da. Ga shi kuma tagulla ba ta riƙe kaifi.

Abin da ya fi shi ne allurar ɗinki. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce, in ji masu magana, ga ta da tsini mai huda dauɗa da fentin da a kan shafa wa allo, ba ta kuma zamewa daga kan dalma. Sai dai ba ta son liƙi. Ga yadda muka yi har ta kama. Muka goge gindin allurar da samfefa har ya yi haske. Muka kwantar da ita a jikin tsinin, kanta ya zarce da kamar santimita ɗaya. Muka ɗauko sili ɗaya na jan ƙarfe muka naɗe su tare, naɗi kusa da kusa, kamar yadda a ke ɗaure bakin kibiya a jikin kyauro. Sa'an nan muka shafa ƙaron liƙi, muka zuba dalma ta ratsa naɗin. Jan ƙarfen shi ke kama dalma, shi kuma ke riƙe allurar. Muka rufe duka da bututu, muka bar kan allurar kaɗai. A nan a kiyaye da ruwan liƙi irin na masu gyaran bokiti da famfo. Yana sa dalma ta kama baƙin ƙarfe nan da nan, amma mai ci ne, in ya saura cikin sili zai cinye wayar daga ciki. Wanda ya yi amfani da shi a kan allura, sai ya wanke ta sarai kafin ta kusanci waya.

Wata dabara ta fi wannan kyau ga wanda ba ya son ɓata tsininsa. A yi allurar a kan ɗan bututun ƙarfe mai shiga tsinin ya kama, in an gama a cire. Cikin mahaɗar wayoyin nan mai sukuru biyu ta masu aikin wutar gida akwai ɗan bututun tagulla. In aka sami ƙaraminsa, sukuru ɗaya ya kama tsini, ɗaya ya kama allura, an gama ba tare da dalma ba. Sai a rufe shi da bututun roba.

Allura tana da jarabarta. Da mutum ya same ta, sai ya ga ba abin da ya fi sauƙi kamar ya huda rigar waya ya auna abin da ke ciki. A cikin mota ko babur wannan ɓarna ce, domin ramin da aka bari ƙofar ruwa ce, damina ɗaya ta isa jan ƙarfen ya yi kore ya ruɓe a ƙarƙashin riga inda ba mai gani. Gara a zura allurar ta bayan mahaɗa, inda waya ta shiga. In tsinin allura ba ya aiki kuma, a soke shi cikin ɗan guntun roba, don cinyar mai aljihu.

Bayan allura sai maƙali mai bakin kada. Mutum hannu biyu gare shi, tsinke biyu sun cinye su, da wane zai juya ma'auni ko ya rubuta lamba? In aka sa wa baƙar waya bakin kada, a maƙala ta a ƙasan allo sau ɗaya, hannu ɗaya ya huta. Har wa yau akwai wani amfani wanda ba kowa ya lura da shi ba. Mu kan ga ɗan'uwa ya matse ƙafafun ɗan turjiya a kan tsini da yatsunsa biyu yana aunawa. To, jikinsa ma hanya ce ta wuta. A ce daga hannu zuwa hannu ma'auni na ganin jikinsa om 500,000, abin da ya ke aunawa kuma om 1,000,000 ne. Hanya biyu ke nan a jere, ma'auni zai nuna wajen 333,000, ya jefar da abu mai lafiya. In hannun da gumi, ɓatan ya fi haka. Bakin kada ya raba wannan gardama. A zaɓi mai riga, a kuma liƙa wayar da dalma, kada a dogara da 'yan kunnuwan nan da a ke matsewa a kan roba.

Ga masu son su wuce nan, akwai dabarar waya huɗu, wadda a ke kira da sunan Lord Kelvin, masanin nan na jami'ar Gilasgo wanda ya yi aiki a kan awon ƙananan turjiya a cikin ƙarni na 19. Hikimarta ita ce a raba hanyar da wuta ke bi da hanyar da a ke awo. Ba sai da na'ura mai tsada ba, mu da ma'auni biyu muka yi. Muka jera batir mai bolt 12, da ƙwan fitilar mota mai wat 21, da ma'auni na fari a kan awon amfiya, da wayar da mu ke son sanin turjiyarta, mita ɗaya ta lamba 18. Wuta ta kwarara wajen amfiya 1.75. Sa'an nan muka ɗora tsinin ma'auni na biyu a kan wayar kanta, daga cikin wuraren da maƙalan wuta suka kama, muka karanta wajen kashi 37 cikin dubu na bolt. Da muka raba wannan da 1.75, sai ga om 0.021, daidai da lissafin littafi. Wayoyin ma'auni na biyu ba su ɗauke da wata wuta, saboda haka turjiyarsu ba ta shiga lissafi ko kaɗan, ko da su ne na gardamar ran nan.

Inda gyara ya ƙare

Duk abin da muka faɗa a sama na aikin tebur ne: batir, rediyo, fitilar hannu, allo mai bolt biyar ko goma sha biyu. Wutar gida, mai bolt 230, ba ta cikin wannan magana, muna kuma roƙon 'yan'uwa su karanta abin da ya rage da natsuwa.

Kwararar da ke kashe mutum ba ta da yawa. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya jiki na jinsa. Wajen kashi goma zuwa sama, tsokar hannu na iya ƙagewa har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Na'urar tsaro da a ke sa wa gidaje don ceton rai tana yanke wuta ne a kashi 30. Abin da ke tsakanin yatsunka da wannan shi ne rigar waya, da mariƙi, da zoben nan da ke gabansa mai hana yatsa zamewa zuwa tsini. Su ne kuwa daidai abubuwan da mu ke yankawa in muna gyara.

Ku dubi jikin mariƙin kirki, za ku ga an rubuta CAT II, ko CAT III, ko CAT IV, da adadin bolt. Wannan daraja ce bisa ƙa'idar duniya ta IEC 61010. Ta biyu ta soket ce da kayan da a ke sa wa a soket. Ta uku ta akwatin rarraba wuta ce da wayoyin da aka kafe a gini. Ta huɗu ta inda wuta ta shigo gida ce daga turke. Dalilin darajar shi ne, wayar wuta ba kullum ta ke tsayawa a 230 ba. Tsawa, ko kashe babban inji, na iya jefo dubban bolt na ɗan lokaci ƙanƙane. Shi ya sa a ke gwada kayan CAT III na bolt 600 da bugun bolt 6,000. Ƙa'idar ta kuma ce tsiraicin tsini na daraja ta uku da ta huɗu kada ya wuce milimita 4. Bututun da muka tsuke da ashana ba wanda ya gwada shi da kome. Da zarar mun yanka waya mun liƙa, rubutun da ke jikin mariƙi ya daina zama shaida, darajar ma'auni duka kuma tana komawa ta abin da ya fi rauni a cikinsa.

Akwai kuma haɗari biyu da suka shafi wayoyi kai tsaye. Na fari, waya mai tsinkewa a ciki ba ta yin ƙaryar da ke ba da tsoro, ƙaryar da ke kwantar da rai ta ke yi. Ka ɗora ta a kan waya mai wuta, ma'auni ya nuna sifiri, ka ce an kashe, ka kai hannu. Don haka ma'aikatan lantarki ke da al'ada, su gwada ma'auni a inda suka tabbata akwai wuta, sa'an nan su auna inda za su yi aiki, sa'an nan su koma su sake gwadawa a wurin farko. Na biyu, mantuwar jar waya a ramin 10A. Bayan ramin nan ba kome sai ɗan guntun ƙarfe mai turjiya wajen om 0.01. In ka manta ta can ka je auna bolt, ka haɗa wuta da wuta ke nan ta cikin hannunka. Ma'aunai masu araha da yawa ba su da fiyus a wannan rami, wani lokaci ma an rubuta haka a jikinsu. Kada kuma a ce bolt 12 ba kome. Batirin mota, ko na hasken rana irin wanda ya cika gidaje yanzu, ba ya jan mutum, amma yana iya zubo ɗaruruwan amfiya, waya ta yi ja, roba ta kama wuta. Wani abin lura ma, sabuwar wayarmu mai kauri ta fi tsohuwar barin wuta ta wuce, saboda haka wanda ya kyautata wayoyin ma'auni marar fiyus ya ƙara wa wannan mantuwa ƙarfi. Wanda ya ke yawan awon amfiya a kan batir, ya sa fiyus a tsakiyar jar wayarsa, ya kuma saba da mayar da ita ramin bolt da zarar ya gama.

Shawarar da muka yanke a ɗakinmu, da yardar Malam, ita ce kowane ma'auni ya zama da wayoyi kashi biyu. Kashi na fari na saye ne, masu daraja a rubuce daga maƙera da aka sani, masu filogi mai riga da zoben tsare yatsa. Ba a yanka su, ba a fiƙe su, ba a liƙa musu kome. In rigarsu ta tsage, ko launin ciki ya leƙo, gama waɗansu riga biyu gare su mai launi dabam don a gane sun ci, ba a naɗa musu salatif, sai a yanke su gida biyu don kada wani ya tsinta, a jefar. Kashi na biyu su ne namu na gyara, masu allura da bakin kada. Mun ɗaura wa kowace ɗan ƙyalle rawaya kusa da filogi, mun rataye su a ƙusa dabam, nesa da soket. Wutar gida kuwa, ko da wayoyin saye, ɗan aji ɗaya ba ya auna ta sai Malam na tsaye.

Wanda ya ke so ya gwada hannunsa, akwai wayoyi matattu cikin kwali a ƙarƙashin teburin liƙi, waɗanda muka ajiye musamman don koyo. Ya zo da allurarsa, gama namu sun ƙare.